Kalmomin da ke kayar da gwani: tarihin kurakuran rubutun Hausa a Tasawa da Mayahi

Tsakure

Wannan ƙasida tana nazarin kalmomin Hausa da aka fi kuskuren rubutawa a gundumomin Tasawa da Mayahi, cikin jahar Maraɗi. Mun ɗauki wasan jera haruffa da ake kira Scrabble a matsayin ma'auni, domin a fagensa harafi guda yakan raba mai nasara da wanda aka kayar. Za mu nuna cewa mafi yawan kurakuran nan suna da asali a tarihi, kowane iri da zamanin da ya haife shi, kuma duk gasar da za a shirya da Hausa sai ta san wannan tarihi kafin ta iya yi wa ƴan wasa adalci.

1. Gabatarwa

Wasa da kalmomi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yara suna kacici-kacici da dare, suna gasar karya-harshe, ƴan mata kuma suna zaurance, inda ake cusa wata gaɓa cikin kalma ko a juya gaɓoɓinta don kada na gefe ya gane. Ousseina Alidou ta yi nazarin irin waɗannan wasanni a harsuna shida na Nijar cikin kundin digirinta na uku a shekarar 1997. Abin lura a nan shi ne, alƙalin duk waɗannan wasanni kunne ne. Wanda harshensa ya sarƙe ya faɗi, wanda ya kasa warware zaurance a yi masa dariya, amma ba mai tambayar yadda ake rubuta kalmar.

Scrabble kuwa, wanda ɗalibai da ma'aikata suke bugawa da Faransanci a biranen Nijar, ido ne da ƙamus suke yi masa alƙalanci. Tambayar da ta jawo wannan nazari ita ce: in aka juya wasan zuwa Hausa, waɗanne kalmomi ne za su kayar da ɗan Tasawa ko ɗan Mayahi, kuma daga ina tuntuɓen ya taso?

2. Wasan da ƙamus yake yi wa alƙalanci

Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, shi ya ƙago wasan a 1938, aka fara sayar da shi da sunan Scrabble a 1948. Kowane ɗan wasa yana ɗaukar ƙwayoyi bakwai masu haruffa, ya jera kalma a kan allo mai gida 15 a tsaye da 15 a kwance, kowane harafi da makinsa. Idan aka ƙalubalanci kalma, aka duba ba ta cikin ƙamusun gasa, sai a soke ta, mai ita ya tashi a tutar babu a wannan zagaye.

Masu Faransanci sun fara gasar duniya a birnin Cannes a 1972, an kuma yi ta a Dakar a 2008. Ƙamusun da suke dogara da shi, L'Officiel du jeu Scrabble, kamfanin Larousse ya fara buga shi a 1989, bugu na tara ya fara aiki a watan Janairu 2024. Abubuwa biyu da suka faru a 2015 sun isa su nuna irin gwanintar da wasan yake aunawa. A watan Yuli, Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya lashe gasar duniya ta Faransanci a Beljiyam alhali ba ya jin Faransanci: ƙamusun ya haddace cikin kimanin makonni tara. A watan Nuwamba kuma Wellington Jighere na Nijeriya ya lashe ta Ingilishi a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ke nan abin da ake aunawa shi ne sanin surar kalma a rubuce, harafi bayan harafi. Shi ya sa cikin kalmomin da ke kayar da ƴan wasan Faransanci akwai masu baƙi biyu a wani wuri, ɗaya a wani, kamar « honneur » da « honorer », ko « donner » da « donation ».

Kayan wasan ma ba a yi su don Hausa ba. Akwatin Faransanci yana da ƙwayoyi 102. E ta kai 15, A guda 9, amma K da W da Y ɗaya-ɗaya ne kawai, kowace da maki 10, domin ba su cika fitowa a Faransanci ba. A Hausa kuwa suna cikin haruffan da aka fi amfani da su. Da wannan akwati ba a iya jera « kaka » ko « wawa » sai an ara farar ƙwaya marar harafi. Ƙwayoyi shida (P biyu, V biyu, Q da X) ba su da aiki a abjadin Hausa, sannan babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ko ɗaya.

Babbar matsalar ita ce ta alƙali. Hausa tana da ƙamusoshi na kirki: na Bargery (1934), na Abraham (1949), Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini (1987), da na Jami'ar Bayero ta Kano (2006). Sai dai ba su dace a kan surar kowace kalma ba, domin an rubuta su a zamani daban-daban, ƙarƙashin ƙa'idoji daban-daban. Waɗannan zamunna ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

3. Kunnen Bafaranshe

Kafin zuwan Turawa, rubutun da malaman yankin suka sani shi ne ajami, wanda ba shi da wata hukuma mai tsara masa ƙa'ida guda. Kowane almajiri yana bin hannun malaminsa. Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851, ya rubuta sunan garin kusan yadda mutanensa suke faɗinsa. Surar « Tessaoua » ta zo ne da mulkin Faransa. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa yankin a 1899, aka kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli, su biyun kuma sojojinsu suka kashe su kusa da Maijirgi bayan ƴan kwanaki. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka tabbatar da iyaka: Katsina da Daura a hannun Ingilishi, Tasawa da Maraɗi a hannun Faransawa. Tasawa ce ta riƙe hedikwatar gundumar mulkin mallaka har 1927, lokacin da aka mayar da ita Maraɗi.

Jami'an mulkin mallaka sun rubuta abin da kunnensu ya ji da ƙa'idar harshensu, kuma rubutun nasu ne har yanzu yake kan taswira da allunan hanya:

(1)
Tessaoua : Tasawa
Maïjirgui : Maijirgi
Ourafane : Urafan
Guidan Amoumoune : Gidan Amumun
Sarkin Haoussa : Sarkin Hausa
Kanan-Bakaché : Kanan Bakashe
Goulbi N'Kaba : Gulbin Kaba

Kowane bambanci a nan yana da dalilinsa a Faransanci. Ana rubuta « ou » a wurin u da kuma w. Ana saka u bayan g don kada a karanta ta kamar j. Ana ninka s tsakanin wasula don kada ta koma z. Ana ƙara e a ƙarshe don a ji ƙarar n. Haruffan « ch » suna wakiltar sh, « tch » kuma suna wakiltar c, kamar a sunan Tchaké na gundumar Mayahi. A « Goulbi N'Kaba » an ciro -n ta nasaba daga jikin « gulbi » an manna ta ga kalmar da ke biye, alhali a Hausa ɗafi ce a ƙeyar kalmar farko. Ko a cikin gunduma guda tsarin bai ɗore ba: Hawandawaki, a ƙasar Tasawa, an bar mata w ɗinta, amma an haɗe kalmomi biyu, « hawan dawaki », sun zama ɗaya.

Yaron da ya fara sanin haruffa a lakwal da wannan ƙa'ida ya san su. Idan ya tashi rubuta harshensa, sai ka ga « guida » a wurin gida, « tchiki » a wurin ciki, « koudi » a wurin kuɗi, « chekara » a wurin shekara. Wannan shi ne rukunin kuskure na farko, kuma shi ya fi yawa a saƙonnin wayar salula. Ninka s ma yana da tasa illa. Wanda ya saba ganin « Moussa » da « Issa » a takardar haihuwa yakan ɗauka ninka baƙi ado ne kawai, alhali a Hausa yana canza ma'ana: baba da babba, daba da dabba.

4. Boko biyu: na Zariya da na Bamako

A ƙetaren iyaka, aikin daidaita rubutu ya fara da wuri. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Marubutan farko sun sha fama da sautukan da babu su a harsunan Turai: wasu suka ɗiga ɗigo ƙarƙashin harafi, wasu suka sa ƴar alama a gefensa. A shekarun 1930, zamanin R. M. East a hukumar talifi ta Zariya, aka tsaya kan haruffa masu ƙugiya, littattafan hukumar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu 1939, suka yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955 don ta ci gaba da kula da ƙa'idar. Wannan boko an gina shi ne a kan Kananci, kuma ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti.

Nijar ta bi wata hanya. Mulkin mallakar Faransa bai koyar da harsunan gida a makaranta ba, saboda haka sai bayan samun ƴancin kai, da aka fara yaƙi da jahilci a 1963, aka bukaci rubuta Hausa da boko a hukumance. Daga 28 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 1966, UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita abjadin harsuna shida na Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa. Ƙa'idar da Nijar ta yi aiki da ita bayan wannan taro tana nuna dogon wasali ta hanyar ninka shi. Sunayen jaridun karkara na wancan lokaci, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii, shaida ne a kan haka.

Tsarin yana da amfaninsa, domin yana raba kalmomin da bokon Zariya yake haɗawa a sura ɗaya:

(2)
garii (birni) : gaarii (na hatsi)
dafaa (abinci) : daafaa (kafaɗa)
farii (launi) : faarii (somawa)

Ajami ma yana nuna wannan tsawo da alif da wawi da ya, don haka bai zama baƙo ga dattawan da suka yi makarantar allo ba. Amma ya raba masu karatun Nijar da ɗimbin littattafan da ake bugawa a Zariya da Kano. A watan Janairu 1980 aka yi taro a Yamai, a cibiyar CELHTO ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, masana daga ƙasashen biyu suka amince a bi ƙa'ida ɗaya, aka bar ninka wasali. Gwamnatin Nijar ta tabbatar da haka a 1981, sannan ƙudurin ma'aikatar ilimi mai lamba 0212 na 19 ga Oktoba 1999 ya sake fayyace ƙa'idar.

Ke nan wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci a ƙauyukan Mayahi a 1970, ya rubuta « gidaa », daidai ya rubuta bisa abin da hukuma ta koya masa. Ɗansa da ya shiga aji bayan 1981, « gida » aka koya masa. Rukunin kuskure na biyu tsohuwar doka ce da aka soke, ta bar ɗalibanta da rai.

5. Karin harshen gida

Rukuni na uku shi ne mafi wuyar hukunci. Tasawa da Mayahi suna cikin tsohuwar ƙasar Katsina da Gobir, kuma Hausar da ake ji a kasuwanninsu ta fi kusa da ta yamma:

(3)
Daidaitacciya : Karin yankin
fari : hwari
faɗa : hwaɗa
tafi : tahi
fita : hita
zauna : zamna
sauka : sabka
auduga : abduga
aure : amre, arme
kuɗi : kuɗɗi
ƴa : ɗiya
yana : shina
rigar sarki : rigas sarki

Kalmar da Bakano yake rubutawa « mayafi », a bakin mutanen yankin « mayahi » ce, harafi da harafi kamar sunan garin.

Ya kamata a sani cewa da yawa daga waɗannan surori sun girmi na daidaitacciyar Hausa. August Klingenheben ya nuna a 1928 cewa tsofaffin baƙaƙen leɓe da ke rufe gaɓa sun rikiɗe zuwa u a Hausar gabas, suka tsaya yadda suke a ta yamma. Ita daidaitacciyar Hausa tana ɗauke da shaidar haka a jikinta: ana rubuta « zauna » amma ana rubuta « zama », kuma m ɗin da ke cikin « zama » ita ce ke cikin « zamna ». Saboda haka ɗan Mayahi da ya jera « zamna » a kan allo bai ɓata kalmar ba, tsohuwar surarta ya kawo.

Tuntuɓe mafi muni yana wajen f da h. Malami yakan ce wa ɗalibi: inda kake faɗin h, rubuta f. Sai ɗalibin ya gyara « hita » ta koma « fita », ya gyara « huska » ta koma « fuska », sannan ya zarce ya rubuta « fula » da « futu » da « fuɗu », alhali daidaitacciyar Hausa « hula » da « hutu » da « huɗu » take rubutawa. Kafin wasalin u babu wata doka da za ta faɗa masa wace kalma ce mai f, wace ce mai h. Furar da ake damawa f gare ta, hura wuta kuma h, shi kuwa duka biyun da h yake fara su. Dole ya haddace su ɗaya-ɗaya, kamar yadda Richards ya haddace ƙamusun harshen da ba ya ji, alhali shi harshen uwarsa ne.

6. Ƙugiya da rabon kalmomi

Rukuni na huɗu na'ura ce ta haife shi. Keken rubutun da aka yi amfani da shi a ofisoshin Nijar a da na Faransanci ne, ba shi da haruffa masu ƙugiya, sai dai magatakarda ya bi da alƙalami ya ƙara su, in ya tuna. Wayoyin salula na farko ma haka suke. Yanzu haruffan suna cikin kwamfuta da waya, amma sabo ya riga ya kama hannu. Faɗuwar ƙugiya kuwa takan haifar da wata kalma dabam:

(4)
ƙafa : kafa
ɗaka : daka
ɓari : bari
ƴa : ya

A gasa, wanda ya jera « kafa » bai yi laifi ba, domin kalma ce mai zaman kanta. Wanda ya jera « kofa » yana nufin ƙofa, ko « daki » yana nufin ɗaki, shi ne za a soke wa. Harafin ƴ kuma yana nan a matsayin bambancin da ya rage tsakanin ƙasashen biyu: Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y. Ga mai karatu wannan ƙaramin abu ne, ga mai sassaƙa ƙwayoyin wasa kuwa sai ya yanke shawara: ƙwaya ɗaya ce ko biyu? Irin wannan tambaya tana jiran sh da ts, da kuma alamar hamza da ke cikin « sa'a » da « ma'ana ».

Rukuni na biyar shi ne raba kalmomi da haɗe su, kuma yana da muhimmanci ƙwarai a wasan da ba ya karɓar komai sai kalma guda. Bisa ƙa'idar yanzu, ana haɗe « yana », « yake », « yakan » da « gidansa », ana raba « ya ce », « ya yi », « za a » da « ba a ». Wanda ya jera « yace » ko « yayi » kalmomi biyu ya manne. A nan ma ƙa'idar ta canza a hannun masu ita: tsofaffin littattafan Zariya « ya ke » da « ya kan » suke rubutawa a rabe, daga baya aka haɗe su. Mai karatun da ya tashi da waɗannan littattafai yana da hujjarsa a rubuce.

7. Kammalawa

Mun ga rukunin kurakurai biyar: na kunnen Bafaranshe, na ƙa'idar Bamako, na karin harshe, na ƙugiya, da na rabon kalmomi. Batun ya wuce wasa. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma, sannan kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk lokacin da aka ƙara wa Hausa matsayi, ana ƙara yawan wuraren da za a ja jan layi ƙarƙashin kalma: jarrabawa, takardar neman aiki, gasar makarantu. Idan ba a tantance ba, ɗan Tasawa zai rasa maki a kan « zamna » daidai da yadda zai rasa a kan « guida », alhali laifin ba ɗaya ba ne.

Ƙamusoshin gasa na sauran harsuna sun riga sun nuna mafita. Na Faransanci yana karɓar « clé » da « clef », da « nénuphar » da « nénufar ». Na Ingilishi da ake amfani da shi a gasar duniya yana karɓar rubutun Ingila da na Amurka gaba ɗaya. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta kowace sura cikin jerin tun kafin a fara wasa.

Saboda haka muna ba da shawarar a tsara jerin kalmomin gasa na Hausa bisa ƙudurin 1999. A soke surorin da suka bi ƙa'idar Faransanci, da waɗanda suka yar da ƙugiya, da kalmomi biyu da aka manne, domin waɗannan suna rikita mai karatu. A bayyana surorin Bamako a matsayin tsohon rubutu, don masu binciken jaridun karkara su iya karanta su. Kalmomin karin harshe kuwa, irin su zamna, sabka, hwari da ɗiya, a shigar da su kusa da takwarorinsu, kowace da alamar yankinta. Game da ƙwayoyi, Butts ya ƙirga haruffan shafukan jarida kafin ya raba musu maki. Haka ya kamata a ƙirga haruffan rubuce-rubucen Hausa na ƙasashen biyu, a san A nawa da K nawa akwatin zai ɗauka. Aiki ne da sashen nazarin harsuna na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar INDRAP za su iya somawa, kuma malaman makarantun Tasawa da Mayahi, waɗanda suke gyara waɗannan kalmomi kullum a littattafan ɗalibansu, su ne suka fi kowa sanin waɗanda ya kamata a fara tattarawa.